Rufin Ɗakin Inna da Karatu na Biyu

Ina tsaye a cikin jirgin metro, an matse ni tsakanin wani mai ɗauke da fanka da wata mata mai kwandon burodi, yayata ta turo mini bidiyo daga gida. Na kalle shi har kusan ƙarshe ban gane gidanmu ba ne. Wani ɗaki na gani a buɗe kamar tukunyar da aka cire wa murfi, ga gado, ga labule yana kaɗawa, sama tana leƙen komai. Sai da aka juya wayar na ga darbejiyar tsakar gidanmu, kwanon rufi ya nannaɗe mata a wuya, na kuma ji muryar Inna daga gefe tana cewa a kashe abin nan haka, ba ta ɗaura kallabi ba.

Guguwar farkon damina ce. Ta shigo garinmu da la'asar, kafin a kira magariba ta gama aikinta ta wuce. Ta kwashe rufin gidaje a unguwarmu da na kusa da mu, ta tumɓuke turakun wutar lantarki, waɗanda dama don ado aka kafa su, ta ɗauki rumfar mai shayi ta kai ta makabarta ta ajiye. A gidanmu ba wanda ya ji ciwo. Inna tana madafa lokacin da ɗakinta ya zama fili.

Ni kuwa ina Alƙahira ina karatun da ya ƙi ƙarewa, ina haya a Ainu Shams. Abin da nake ci da shi tafinta ne. Marasa lafiya su zo daga gida, in kai su asibiti, in mayar da ciwonsu Larabci, in mayar musu da maganar likita Hausa. A ranar muka yi magana da Yaya da mijinta, muka tsayar da shawara: a sauko da kwanon daga bishiya, a miƙe wanda zai miƙu, a cike da sabo, kafin ruwa ya zauna sosai. Aiki ne na kafinta ɗaya da masu miƙa masa ƙusa.

Kafin kafinta ya zo, rediyo ta riga shi. Aka ce ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu ya gabatar da ƙudirin doka. Za a kafa asusu na musamman, gwamnati ta riƙa zuba kuɗi a ciki duk shekara, duk wanda guguwa ko ambaliya ta yi wa ɓarna a gyara masa ba tare da ya roƙi kowa ba. Har an yi wa ƙudirin karatu na farko. Ban sani ba a lokacin, karatu na farko sunansa kawai ake karantawa a zauna. Mutanen garinmu da suka ji kalmar karatu suka ɗauka an yi nisa. Sai kuma mai unguwa ya bi gida-gida da saƙo: kada kowa ya taɓa rufinsa, kwamiti yana tafe ya ga ɓarna da idonsa, wanda ya gyara ya fitar da kansa.

Na kira Inna na ce, "Inna, damina ce fa."

"Na sani," in ji ta. "A kaina take sauka, ba a kanka ba."

"To a bari kafinta ya yi aikinsa."

"Ka ji yaro. An ce doka za a yi mana. Tun da aka kawo ni gidan nan ka taɓa jin an yi mana doka? In gyara, su zo su ga ɗaki lafiya lau, su ce tsohuwar nan maƙaryaciya ce?"

Haka aka lulluɓe gadonta da akwatunanta da tamfol, ta koma kwana gidan Yaya. Kullum da safe sai ta taka ta je ta duba ɓarnarta, ta tabbatar tana nan yadda take, kada kwamiti ya zo ya tarar ta ragu.

Kwamitin kuwa ya taso, ba ƙarya aka yi ba. Hanya ce kawai ta biyo da shi ta Masar. Wani abokina da ke haɗa mu da baƙi ya kira ni ya ce akwai manya uku daga jiharmu, sun sauka a Ma'adi, suna son tafinta mai natsuwa. Na sa kaftanina mai guga na tafi. Ma'adi unguwa ce ta bishiyoyi da inuwa, inda karnuka ke fita shan iska da masu yi musu hidima. Da aka buɗe mini ƙofa sai ga fuskar da na saba gani a jikin katangar makarantar firamarenmu, ta ƙara ƙiba kaɗan. Wakilinmu ne da kansa, mai ƙudirin, kuma shugaban kwamitin. Sauran biyun 'yan majalisa ne su ma, amma ban ji muryarsu sosai ba sai a wajen cin abinci.

"Ustaz!" in ji shi, ya rungume ni, turarensa ya shige mini har maƙogwaro. "Ɗan gida ne ma ashe. Ziyarar nazari muka zo. Muna so mu ga yadda ƙasashen da suka ci gaba suke tallafa wa waɗanda guguwa ta shafa."

Na leƙa ta taga. Tsakiyar zafi ne, sama fes, ko tsuntsu ya nemi inuwa. Na yi shekara da shekaru a garin nan, ruwan da na ga ya sauka duka bai kai na mako guda a garinmu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, an zaɓi wuri."

"Sosai," in ji shi.

Ba zan zalunce shi ba, Honarabul yana son ƙudirin nan kamar ɗan fari. A mota zancensa, a lif zancensa. Daga bakinsa na ji irin wahalar da ƙudirin yake sha. 'Yan majalisar da suka fito daga bakin kogi sun ce ba za su yarda guguwa ta riga ambaliya a cikin sunan dokar ba, ruwa ya girmi iska. Wani ya ce a sa gobarar kasuwa. Wani ya ce zai goyi baya in za a gina ofishin asusun a garinsu, garin da ko hula iska ba ta taɓa cire wa mutum ba. An yi zama guda cur ana gardamar ƙarfin da iska za ta kai kafin doka ta kira ta guguwa. Na tambaye shi wa zai tsaya ya auna lokacin da rufi ke tashi. Ya ce za a kafa ƙaramin kwamiti.

Nazarin ya fara da ziyarar dala, tsoffin kaburburan sarakunan Masar. Daga can muka yi nazarin jirgin ruwa a kan Nilu, muka yi nazarin manyan kantuna, inda ɗaya daga cikin abokan tafiyar ya zurfafa bincike a kan takalman mata. Sai ana saura kaɗan su koma Honarabul ya tuna cewa rahoto yana bukatar masani, kuma ba wanda ya tuna ya sanar da wani ofishi cewa suna tafe. Ya ce in nemo. Na sauka ƙasa na tambayi mai gadin ginin, ya ce ai mai gidan da suke haya injiniya ne, ya yi aikin magudanan ruwa kafin ya yi ritaya. Aka gayyato shi shan shayi.

Dattijo ne mai fara'a, ya zo da kwat a cikin wannan zafi. Na fassara masa tambayar Honarabul: idan guguwa ta ɗauke wa talakawa rufi, yaya gwamnati take yi? Ya dube ni, ya ɗauka Larabcina ne ya samu matsala. Na maimaita.

"Rufi?" in ji shi. "Rufinmu siminti ne, ya Basha. Iska in ta yi fushi sai dai ta ɗauki shanya. Ruwa ne dai, in ya zo a lokacin sanyi, tituna su cika. Sai a ba yara hutu, a fito da motocin zuƙe ruwa su zuƙe. Khalas, shi ke nan."

Ina kaiwa kan motocin zuƙe ruwa na ga idon Honarabul ya kawo haske. Ya sa aka bayyana masa girmansu da tsawon bututunsu. Ya juya ga abokansa ya ce, "Kun ji? Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwanmu. Za mu ƙara sashe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, garinmu ba kwalta. Rairayi ne ke shanye ruwan. Ta sama muke da matsala."

"Ustaz, kai malami ne," in ji shi cikin tausayawa. "Bar mana harkar doka. Kai dai ka nemo mini aya ko hadisi a kan iska, in buɗe jawabina da shi ranar karatu na biyu."

Na ce masa yawancin waɗanda na sani a kan mutanen da aka halaka ne saboda sun ƙi jin gargaɗi. Ya ce in nemo mai laushi.

A ranar ne na nuna masa bidiyon. Na yi ta jinkiri ina neman lokacin da ya dace, sai na gane babu shi. Ya karɓi wayar, ya kalla, ya sake kallo, sai ga hawaye. Na gaske, har da jan hanci. Ya ce shi ma yana yaro iska ta taɓa ɗauke rufin ɗakin mahaifiyarsa, abin da ya shigar da shi siyasa ke nan. A jirgin ruwa ya ce mini rashin asibiti ne ya shigar da shi, amma mutum yana iya shiga ta ƙofa biyu. Ya ce maza in kira Inna a bidiyo. Wannan karon ta samu ta ɗaura kallabi.

"Inna, barka da yini. Ɗanki ne. Ya muka ji da wannan jarrabawa?"

Inna ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi masa addu'a tun daga kakanninsa har jikokin da bai samu ba. Ni ina gefe ina jira ya ce mata ta rufe ɗakinta, hoton ya isa shaida. Sai na ji ya ce, "Inna, ki ƙara haƙuri. Kada ki bari a taɓa ko ƙusa ɗaya. Da kaina zan zo in tsaya a cikin ɗakin nan."

Da aka kashe wayar ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga yadda ta ji daɗi?" Ta ji daɗin kuwa. Daga ranar, duk wanda ya ambaci kafinta a gabanta ya zama ɗan adawa.

Ɗalibai suka shirya masa walima a unguwar Hayyin Ashir, a shagon wata Hajiya Bahaushiyar Sudan da muke cin tuwo a wurinta idan kewar gida ta dame mu. Ya yi jawabi mai tsawo a kan asusun, tuwo yana hucewa. Hajiya tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Da ya gama ta ce, da Hausarta mai gauraye da Larabci, su ma shekarun baya ruwa ya cinye musu gida, aka ce su jira kwamiti, suna cikin jira yaƙi ya riga kwamitin isowa. Honarabul ya ce Allahu akbar, ya ce irin wannan ne dokarsa za ta hana, ya miƙa kwano a ƙara masa miya.

Sashe na ƙarshe na nazarin, wanda na fahimci shi ne ginshiƙin tafiyar, a wurin likitan haƙori aka yi shi. Turamen Honarabul biyu ne suka lalace. Aka kwantar da shi a kujera, aka yi masa allura a dasashi, likita ya sa masa wani abu da ya riƙe bakin a wangale, ya cusa auduga da bututu. Ni ina tsaye a kansa, aikina in ce buɗe, in ce kada ka motsa.

Wayata ta yi ta rawa a aljihu har na ji kunya na duba. Yaya ce. Na koma lungu na ɗauka. Ta ce an kwana ana ruwa, an wuni ana yi, katangar ɗakin Inna ta gabas ta jiƙe ta zauna, ta ja ta kudu. Ginin ƙasa ne, ya sha ruwa ta kai tun farkon damina. Gado ya karye a ƙarƙashi, akwatunan suna cikin laka. Inna lafiyarta ƙalau, ta je duba ɓarnarta ta safe ta dawo ke nan abin ya faɗi. Ta ce Inna ba ta yi kuka ba, tana zaune kawai ta ƙi cin abinci.

Na dawo na tsaya a kan Honarabul. Likita ya ce, "Gaya masa kada ya rufe baki, zai ji ƙara amma ba zafi."

Na ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, ya ce kada ka rufe baki. Ɗakin da ka ce za ka tsaya a ciki kuma ya rushe."

Idanunsa suka juyo kaina. Injin likita ya fara kuka. Tun da ya sauka a garin nan ban taɓa samunsa baki buɗe kuma shiru ba, ban kuwa san ko zan sake samu ba. Na ci gaba, da murya a kwance, irin ta mai fassara umarnin likita. Na gaya masa abin da ke cikin akwatunan: zannuwan da Inna ta adana tun na aurenta, da likkafanin da ta saya ta ajiye wa kanta. Na gaya masa aikin kafinta ɗaya ne da farko, yanzu ya zama na magina. Na ce unguwar cike take da tsofaffi masu gadin ɓarna saboda maganarsa, su bar gida a buɗe su kwana a zauren mutane. Na ce iskar ta yi abinta cikin ɗan lokaci ta tafi, sauran aikin kwamiti ne ya ƙarasa mata. Na ce motar zuƙe ruwa in ta zo, sai dai ta zuƙe miyan bakin da muka zubar muna jira.

Ya ce, "Aaa." Likita ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Basha, saura kaɗan." Ya dube ni ya ce bai taɓa ganin tafinta mai yi wa marar lafiya cikakken bayani irina ba. Na ce Hausa ce haka, kalma ɗaya ta Larabci sai ta ci goma.

Muka shiga mota muka hau gada. Rabin fuskarsa a sanƙare, auduga a kunci. Na riga na shirya jin cewa aikina ya ƙare. Sai ya juyo, ido jajir, ya ce da harshe mai nauyi, "Ustaz, ka buɗe mini ido. Ƙudirin bai ambaci rushewar katanga ba. Dole a mayar da shi kwamiti."

Inna ba ta sake ambatar doka ba. Da ruwa ya ɗan tsagaita, mijin Yaya ya tara 'yan'uwa da maƙwabta aka yi gayya, aka buga bulo, aka tayar da ɗakin. Da mutane suka ga haka, gida-gida aka fara jin ƙarar guduma, mai unguwa ya yi kamar kunnensa ya toshe, don shi ma nasa yake bugawa ta baya. Kwamiti ya iso bayan an gama girbi, da jerin motoci da masu ɗaukar hoto. Suka zagaya suka ga sabon kwano yana ƙyalli ko'ina. Na ji an ce sun yaba da juriyar al'umma, sun kuma lura cewa an ɗan zuzuta girman ɓarnar.

An yi wa ƙudirin karatu na biyu, da jawabi mai daɗi, ba aya. Daga nan lokacin zaɓe ya kawo kai, majalisa ta watse, ƙudirin ya mutu a inda yake kwance. Sashen motocin ne kawai ya tsira, ya sulale ya shiga kasafin kuɗi shi kaɗai. An sayo su. Na ga ɗaya da idona da na je gida hutu, tana yayyafa ruwa a filin taro kafin manyan baƙi su iso.

A wannan hutun ne na je gaishe da wani tsoho a bayan layinmu, abokin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baffa. Shi kaɗai ne a unguwar bai rufe ɗakinsa ba. 'Ya'yansa sun yi magiya har sun gaji, ya ce an ce a jira, kuma bai ji an ce a daina ba. Ya kwashe kayansa ya koma zaure da rediyonsa. Ɗakin yana nan, ciyawa ta fito a tsakiya, wata kaza ta samu wurin ƙwai.

Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya tambayi Misirawa ko da gaske wake suke karyawa da shi. Sannan ya rage murya.

"An ce kai ka yi wa Honarabul tafinta a can. Ka gan shi ido da ido."

"Na gan shi, Baffa. Har cikin bakinsa."

"To gaya mini gaskiya. Karatu na nawa aka kai?"

Na dubi 'yarsa da ta kawo mana ruwa. Ta girgiza mini kai a hankali ta bayansa.

"Na biyu, Baffa."

"Uku ne duka, ko?"

"Uku ne."

"To ai saura ɗaya," in ji shi. Ya gyara zama, ya matsa mini a kan tabarma, ya ce in zauna in sha ruwa, labaran rana sun kusa.